Mai Kulle wa Manaja Akawun

Sau goma sha huɗu cikin sati uku akawun ɗin Manaja Abdulmutalib yana kullewa, sau goma sha huɗu Bahijja tana buɗe masa. Har ta kai ko sallama ba ya yi in ya kira ta. Sai dai ta ji, “Ya sake!” ta ajiye abin da ke hannunta ta nufi kwamfuta.

Bahijja ce mai kula da kwamfutocin kamfanin Alhaji Dogara, masu sayen gyada da hatsi, ofishinsu a Karaye, babban sitonsu a Rogo. Tsarin da ta kafa ba shi da wuya. Kowane ma'aikaci da sunansa da kalmar sirrinsa, da su yake shiga kwamfuta, da su wayarsa ke hawa wayfay, wato intanet ɗin kamfani, ko a Karaye ko a Rogo. In aka yi kuskuren kalmar mutum sau biyar a jere, akawun ɗinsa ya kulle. Manaja kuwa rantsuwa yake yi bai taɓa kuskure ba. Kuma gaskiyarsa ne, don sau biyu abin yana kullewa yana tsaye a kanta, hannayensa cikin aljihu.

Babu abin da ba ta duba ba. Ta sauya masa kalma, ta share tsohuwar daga kwamfutarsa, ta bi firinta, ta bi sabuwar wayarsa. Rannan a gaban ma'aikata ta ce, “Yallaɓai, tsohuwar wayarka fa, tana ina?”

Manaja ya kalli silin, ya gyara hula, ya ce, “An kai ta gida.”

Ita kuwa ta ɗauka tana can cikin durowa a kashe, ba ta ƙara tambaya ba.

Ranar Litinin aka yi taron ofis. Da safiyar ranar ta tono rajistar da babbar kwamfuta ke ajiyewa, ta ga daga inda ake ƙwanƙwasa akawun ɗin. Murnar gano wani abu ta ɗebe ta, bakinta ya riga hankalinta.

“Daga Rogo ne, Yallaɓai. Duk daga siton Rogo.”

To, kwamfuta ɗaya ce tak a Rogo, mutum ɗaya ke taɓa ta: Malam Sulle mai tsaron sito, wanda shekararsa goma sha tara yana riƙe da makullan wurin, ko tiya ɗaya ba ta taɓa ɓata ba. Manaja bai jira ƙarshen bayani ba. Ya ce dama ya sani, mai neman shiga akawun ɗin shugabansa ba alheri yake nufi ba. Kafin azahar an aika direba ya karɓo makullan, aka ce ranar Alhamis Alhaji zai dawo daga Kano ya sa hannu a takardar sallama.

Bahijja ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ita wuri ta faɗa, ba mutum ba, amma wa ya tsaya bambancewa? Abin haushi kuma, washegari kullewar ta ƙaru. Da can wajen sha ɗaya da rabi kawai take zuwa, yanzu har da bayan la'asar.

“Kin gani ko?” in ji Manaja. “Fushi ya sa ya ƙara ƙaimi.”

Ranar Laraba da sassafe ta rataya jakar laftof ɗinta ta shiga motar Rogo, an matse ta tsakanin buhun barkono da wata mata mai kaji uku. Atishawa ta raka ta har ƙofar sito.

Ta tarar da Malam Sulle zaune a gindin darbejiya, ya sa farar rigarsa ta aiki. Leburori suka ce tun bakwai yake zuwa kamar kullum, ya zauna yana kallon ƙofar da wani yake buɗewa. Ta durƙusa.

“Baba, ina kwana? Mun same ku lafiya?”

“Lafiya lau, 'yata. Ya hanya? Ya mutanen Karaye?”

Ko a fuska bai nuna mata komai ba, wannan ya fi ƙona mata rai. Ta roƙi ganin wayarsa, ya zaro 'yar ƙarama mai tocila, an ɗaure bayanta da roba. Wannan ko wayfay ya zo har gida ya yi mata sallama ba za ta gane shi ba. Kwamfutar siton kuwa tun Litinin take a kashe, an lulluɓe ta da tsohon buhu.

Sai ta hau kan buhun gyada ta buɗe laftof, ta zuba wa rajistar ido. Goma ta wuce, babu komai. Sha ɗaya ta wuce, babu komai sai ƙudaje. Can wajen sha ɗaya da rabi ta ga leburori sun fara ajiye buhuna suna wanke hannu. Ƙamshin man gyada da yaji ya shigo ta ƙofar waje. A daidai lokacin jajayen layuka masu nuna kuskuren kalma suka fara sauka a allonta: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar.

Ta ɗaga kai. Wata tsohuwa ce gajeriya mai kuzari ke shigowa da ƙatuwar robar ɗanwake a ka, ga 'yar jaka rataye a wuyanta, muryar yara tana fitowa daga wata waya da ke ciki. Wayar Bahijja ta yi ƙara.

“Ya sake!” in ji Manaja daga Karaye.

“Na gani, Yallaɓai. Ina kallonsa ma.”

Tsohuwar ita ce Inna Hajo, wadda ke ciyar da leburorin sito tun kafin a yi masa rufin kwano. Bahijja ta gaishe ta har ƙasa, ta bari ta sallami mutanenta, sannan ta buɗe akawun ɗin ta ce, “Inna, don Allah wata alfarma. Ki ɗan fita har bakin titi, ki dawo.”

“In fita in dawo? 'Yar nan, akuya kika samu?”

“Don Baba Sulle, Inna.”

Jin haka ta gyara zani ta fita tana mita. Tana dawowa jajayen layuka suka biyo ta. Aka sake, suka sake biyo ta. Leburori suka bar ɗanwake suka taru a bayan Bahijja, duk shigowar Inna sai su yi ihu kamar an ci ƙwallo. Wayar Bahijja kuwa tana ta kuka a kan buhu, ba ta ɗaga ba.

“Inna, wa ya ba ki wayar nan?”

Inna Hajo ta kau da kai. “Mutumin Karaye ne ya aiko.”

“Wane mutumin Karaye?”

Leburori suka fara tari. Malam Sulle ya yafito Bahijja, ya rage murya. “Surukarsa ce. Ita ta haifi Hamida, matar Manaja. Ba ta kama sunansa, shi ma ba ya kama nata. Shekara tara ke nan bai taɓa shigowa siton nan tsakanin sha ɗaya da biyu ba, kowa ya san dalili.”

Nan komai ya zauna mata daram. Da Manaja ya sayi sabuwar waya, sai ya aika wa surukarsa tsohuwar ta hannun matarsa, sunansa da kalmarsa ta da duk suna ciki. Bayan nan ya sauya kalma. Ita kuwa wayar, baiwar Allah, duk sanda ta shigo sito ta ji wayfay ɗin da ta sani, sai ta yi ta miƙa tsohuwar kalma har a rufe ƙofa. Da aka tambaye shi a gaban ma'aikata, yaya zai buɗe baki ya ambaci surukarsa? Sai ya ce an kai ta gida. Bai yi ƙarya ba, gidan ne dai bai faɗa ba.

“To Inna, me ya sa jiya kika dawo bayan la'asar?”

“Yo wannan bawan Allah tun Litinin bai sa komai a cikinsa ba! Kunu na kawo masa, shi ma ya ƙi sha.”

Bahijja ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ashe tausayin ne yake ƙara masa laifi.

Ta nemi wayar, Inna ta dafe jakarta da hannu biyu. Ta ce muryoyin jikokinta na ciki, har da ranar da ƙaramin ya fara cewa Inna, kuma ta ji labarin masu gyara, share komai suke yi. Sai da Bahijja ta yi alkawari, ta kuma zauna kusa da ita tana nuna mata duk abin da take taɓawa. Minti biyu ta cire sunan Manaja daga wayar. Aka sa Inna ta fita ta dawo, allo ya zauna fari tas. Sai dai Inna ba ta yi murna ba. Ta kalli wayar, ta kalli Malam Sulle.

“Wato a kan abin da ke wuyana aka karɓe masa makulli?”

“Ba laifinki ba ne, Inna. Ni ce na yi gaggawar magana.”

“Kira min mutumin Karaye. Ki ce gobe ya zo da kansa, sha ɗaya da rabi.”

Bahijja ta kira Manaja ta yi masa bayani kaf. Sai ya ce, “Ba za a iya yi da ƙarfe uku ba?”

“Sha ɗaya da rabi ta ce, Yallaɓai.”

Ranar Alhamis, mutumin da ke girgiza ofishin Karaye da murya ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar waje. Ya tako a kan ɓawon gyada, ya tsugunna can nesa da robar ɗanwake, kansa a ƙasa, gumi na bin wuyan babbar rigarsa. Inna Hajo ta ja mayafi ta juya wa bango fuska. Bahijja aka sa a tsakiya.

“A gaya wa mutumin Karaye na gode da waya.”

“Ta ce ta gode da waya, Yallaɓai.”

“A ce mata ba komai,” in ji shi, da ƙyar ake ji.

“A gaya masa kuma, wanda ya tsare ƙofa shekara goma sha tara, a tambaye shi kafin a aiko direba.”

Wannan kam ba a buƙaci mai isarwa ba. Manaja ya miƙe, ya yaga takardar sallamar, ya je gindin darbejiya ya sake tsugunnawa. Ya miƙa makullan da hannu biyu.

“Malam Sulle, na zalunce ka. Ka yafe min don Allah.”

“Ni ma, Baba,” in ji Bahijja.

Malam Sulle ya karɓi makullan, ya daɗe yana juya su a tafinsa. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya ɗaura su a ƙugu inda suka saba zama, ya share ido da bakin riga, ya ce ƙurar gyada ce, ba wanda ya musa masa. Sannan ya wanke hannu ya jawo kwano.

“Hajo,” ya ce, “zubo min. Ki cika yaji.”