Burokolin Ummulkhairi

Shekara da shekaru Mukhtaru yana sauke kaya a halaka, babbar kasuwar kayan lambu da ke Ka'akiyya, amma bai taɓa sa burokoli a bakinsa ba. Ya san nauyin kwalinsa a kafaɗa, ya san yadda yake komawa ruwan ɗorawa idan zafin Makka ya buge shi, ya kuma san otal-otal ɗin kusa da Harami ne ke kwashe mai kyan. A gidansa kuwa miyar kuka ce da busasshiyar kuɓewa, waɗanda alhazai ke kawo musu tsaraba daga Kano.

Ranar da aka tabbatar matarsa Ummulkhairi na da ciwon daji a hanji, likitar ta yi dogon bayani da Larabci. Shi kuwa Larabcin kasuwa ne da shi, wata kalmar ya kama, wata ta wuce shi. Da ta zo kan abinci sai ya ji sunayen da ya sani: burokoli, kabeji, farin kabeji. Ta ce suna da bitamin, suna gyara ciki, suna ƙara wa jiki ƙarfi. Wannan kawai ya riƙe, sauran ya baro shi a asibiti.

Washegari ya zaɓo mafi kore a rumfar Bandar, maigidansa, ya zo ya zuba a tukunya ya yi ta dafawa har ya narke. Wari ya cika ɗakin. Ummulkhairi ta leƙa kwanon daga kwance, ta yi dariyar da ya daɗe bai ji ba.

"Malam, ciyawar Turawa kuma za ka ba ni?"

"Daure ki ci, magani ne. Likita ce ta faɗa."

Maƙwabciyarsu Iyatu, haifaffiyar Makka wadda Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, ita ta ceci tukunyar. Ta nuna masa yadda ake turara shi kaɗan kamar dambu, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa yadda ake yi wa zogale. Ummulkhairi ta ci, har ta ce a ƙara. Ranar Mukhtaru ya kira 'yan'uwa a gida ya ce musu sauƙi ya samu.

Da aka fara yi mata ƙarin ruwan maganin dajin, komai ya juye. Ta rame, gashinta ya zube, ƙamshin girki kaɗai sai ya tayar mata da zuciya. Shi kuma bai fasa ba, kullum da ledarsa. Wata rana da la'asar ta kau da kai daga cokalin, ya matsa, ta ture, kwanon ya kife a kan darduma.

"Ke ba kya son ki warke ne?" Tun aurensu bai taɓa ɗaga mata murya haka ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta dube shi kawai ta ce, "Malam, cikina ciwo yake in na ci. Don kai nake haɗiyewa."

A komawarsu asibiti ya roƙi Iyatu ta raka su ta yi masa tafinta. Ya tambayi likitar ko ya ƙara yawan ganyen. Likitar ta girgiza kai. Ta ce abinci ne mai kyau ƙwarai, wanda ya saba cinsa tun yana da lafiya yana amfana, yana iya rage haɗarin wasu cututtuka, amma ba ya warkar da daji. Yanzu ma hanjin ya tsuke, irin wannan ganyen wahala yake ba ta. A ba ta abu mai laushi, abin da ranta yake so.

Mukhtaru ya tuna kwalayen da suka bi ta kafaɗarsa, da ragowar da ake zubarwa kowace yamma yana tsallakewa.

"Ba ta ce laifinka ne ba, ya akhi, ɗan'uwana," in ji Iyatu.

A mota ya tambayi Ummulkhairi abin da take marmari. Ta ce kunun tsamiya. Ya nufi unguwar Nakkasa, wurin wata tsohuwa da ke sayar da gasara, ya tarar an rushe layin gaba ɗaya, sai ɓaraguzai da motocin kwashe ƙasa. Sai da ya yi ta tambaya kafin aka kwatanta masa inda ta koma. Ummulkhairi ta kurɓi kunun kaɗan, ta ce ya yi daɗi, Allah ya saka masa.

Ta rasu kafin azumi. Aka yi mata salla a Harami tare da wasu gawawwaki da bai san ko su wane ne ba, aka kai ta maƙabartar Shara'i.

Bayan zaman makoki ya koma halaka, ya ce wa Bandar a mayar da shi motocin albasa da dankali. Bandar ya ce buhunan sun yi wa mai shekarunsa nauyi. Mukhtaru ya ce ya sani, ya naɗe rawaninsa a kafaɗa ya tafi layin masu jiran mota.