Gawa a Kan Tudun Sabis

A duk ƙauyen Chimbewa wuri ɗaya ne waya ke kamawa, kan tudun da ke bayan gonar coci, jikin wani tsohon suri. Shekarun baya mutanen kamfanin waya sun zo da mota, suka auna fili, suka ci kaji, suka ce za a kafa ƙarfe. Har yau awaki ne ke kiwo a wurin.

Da mijin NyaKumwenda ya rasu, wannan tudun ta fara hawa, tun kafin ta zauna kuka. Ɗansu Wongani yana Joni, wani babban birni a ƙasar waje, yana aikin gini, ba shi da takardu, in ya fito ba zai koma ba. Da ta faɗa masa a waya, sai ya ce, "Mama, kar a rufe akwatin sai na ga fuskarsa. Ki yi min wannan kawai." Ta ce ta yi alkawari. Ba ta tsaya tunanin yadda za a yi ba.

Washegari da safe ta aika maƙwabciyarta Eneresi kasuwa da zakaranta na ƙarshe a sayo data. Eneresi ta dawo tana haki, ranta a ɓace.

"Yaya, sun sake ƙarawa. Kuɗin zakaran ko na yini bai kai ba. Na awa ɗaya na samu, kuma ɗan mitsitsi ne."

"Awa ɗaya daga yaushe?"

"Daga lokacin da mai shago ya danna. Gudu na yi ta yi."

NyaKumwenda ta cusa wayar a cikin zaninta. Akwatin yana tsakar gida, a kwari, inda waya ba ta taɓa yin ko tari ba. Hoto kuwa ba zance, dangin mijinta ba sa yarda a ɗauki hoton mamaci. Saura hanya ɗaya, kuma ta san ba mai so. Ta ratsa mata masu waƙar makoki, ta je har inda maza ke zaune, ta durƙusa gaban Yotamu, ƙanen marigayin.

"Baban yara, a bi da shi ta tudu."

"Wane tudu? Makabarta tana gabas, matar yaya. Gawa ba ta yawo."

"Ɗansa zai gan shi."

"Ɗan nasa da ya fi ƙarfin zuwa? Mu ɗauki yayana mu kai shi jikin suri kamar mai neman gara? Me za a ce da mu?"

"A ce abin da za a ce. Kwanon da ke rufe da ɗakinka, wa ya aiko da kuɗinsa? Akwatin nan ma da za ku ɗauka, guminsa ne. Lokaci yana tafiya, Yotamu. Don Allah."

Ba ta taɓa kiran sunansa a gaban maza ba. Dattawa kuwa suka shiga abin da suka fi iyawa, wato shawara. Wannan ya ce a zamanin kakanni ba a yi ba, wancan ya ce a zamanin kakanni ai ba Joni. Ita tana durƙushe tana jin data na tsiyayewa a cikin zaninta kamar ruwa a fasasshen tulu. Daga ƙarshe fasto ya ce ba inda littafi ya hana, maza suka miƙe suna gunaguni.

Hawan ya ci rai. An yi ruwa, ƙasa tana santsi, akwatin yana karkata, masu ɗauka suna zagin kamfanin waya ƙasa-ƙasa tsakanin baitin waƙa. Eneresi ta tsaya baya tana riƙe da wata tsohuwa da ƙafarta ta gurɗe. NyaKumwenda ce a gaba, waya a sama, tana neman inda za ta kama.

Jikin surin aka sauke shi. Yotamu ya ɗaga murfin, ya kau da kai. Ta danna inda aka koya mata na kiran bidiyo. Kiran ya yi ta juyawa, ya yanke. Ta sake dannawa. Sai ga fuskar Wongani, dishi-dishi, da hular aiki a kansa. Rabonta da ganinsa tun yana da kumatu. Yanzu duk ƙashi ne, ga furfura a gemu.

Ta miƙa hannu saitin akwatin, kamar yadda ta ga matasa na yi in za su ɗauki hoto, gilashin yana kallonta, bayan wayar yana kallon mamacin.

"Ga shi nan, ɗana. An yi masa aski. An sa masa kwat ɗin da ka aiko. Ka gan shi?"

Bakinsa yana motsi, maganar tana zuwa guntu-guntu. "Mama... juya... ke nake..."

"Me ka ce? Yi masa magana, yana jin ka!"

Hoton ya tsaya cak, ya sake motsi. Wongani ya daina ƙoƙarin faɗa, ya tsura mata ido kawai, hawaye na bin gemunsa. Muryar ta fito sarai sau ɗaya.

"Mama, haka kika rame?"

Gilashin ya yi fari. Ta danna, ta sake dannawa, ta hau kan surin da gwiwoyinta ta ɗaga wayar sama. Saƙon kamfani ne ya shigo, wai data ta ƙare. Sai a lokacin ta lura da ɗan ƙaramin hoton da ya kasance a kusurwa tun farko, wata tsohuwa da baƙin ɗankwali. Ita ce. Ita yake ta kallo, uban bai ko shiga ba. Ta sauko daga kan surin.

Maza suna tsaye, kafaɗunsu duk laka. Yotamu yana riƙe da murfin, idonsa ya yi ja.

"Matar yaya, ya gan shi?"

Ta dubi fuskar mijinta, ta dubi mutanen da suka hau tudu da gawa saboda ita. Ba sauran zakara a gida.

"Ya gan shi," ta ce. "Ku rufe."