Kasuwar da Ba a Cewa Albarka

Kwaɗayi da tayin ƙarya su ne laifin Sagiru, kuma a kansu zan yi magana. Tun muna yara muke jin manya a kara, kasuwar shanu, suna tsine wa mutumin da yake taya saniyar da ba shi da niyyar saye, don kawai a cuci na gefensa. Yanzu kasuwa ta koma cikin waya, amma hali zanen dutse ne.

Sagiru direba ne a wani gida a Al Gharrafa, nan Doha. Kwana kuwa a Al Wukair yake yi, ɗaki ɗaya da mutum biyu: Uwais, sa'ansa, mai gadin kanti, da Dikko, mutumin Ƙaura Namoda, wanda ya girme su nesa ba kusa ba, yana gadin wani bene a Al-Sadd. Tukunyarsu ɗaya, farantinsu ɗaya. Lokacin da Sagiru ya sauka ƙasar nan bai san gabas ba bai san yamma ba, Dikko ne ya matsa masa wuri ya shimfiɗa katifa.

Da mahaifin kafil ɗin Sagiru, wato maigidan da yake wa aiki, ya rasu, aka share ɗakin tsohon, aka ce ya kwashe tarkacen ya zubar. A ciki ya tsinci rezoji irin na da, masu gidan ƙarfe, waɗanda ake warware mariƙinsu a sa wuƙar a ɗaure. Ya duba a waya, sai ya ga ashe akwai masu tara irinsu a ƙasashen Turawa, suna rububinsu a gwanjon intanet. Ya ɗauki hoto ya sa. Aka saye.

"Yanzu saboda Allah," in ji Uwais, "ƙarfen da ya ci gemun matattu shi ake wa wannan layi?"

"Kai dai tsaya gadin kantinka. Mai ido shi ke cin kasuwa."

Da ya tsaya nan, da halak ɗinsa ya ci. Amma sai ya ari wayar Uwais ya buɗe akawun na biyu da wani suna. In ya sa reza a gwanjo, wani bawan Allah ya taya, sai Sagiru ya bi ta ɗaya wayar ya ɗora. Mutumin ya zaci yana da abokin takara, ya ƙara. Sagiru ya sake ɗorawa. In ya ga mutum ya kusa gajiya sai ya janye ya bar shi da kaya. Rezar da ba ta wuce kuɗin cefane ba sai ta tashi a ninki uku. Uwais ya ce masa ya taɓa jin malami yana cewa wannan haramun ne. Sagiru ya ce, "Ni wuƙa na sa musu a wuya? Wanda ya ga tsada ya bari mana."

To, Dikko yana da tasa rezar. Ta mahaifinsa ce, wanda ya yi aikin reluwe har ƙarfinsa ya ƙare. Wani injiniya ne ya ba mahaifin ita ranar da tsohon zai bar aiki. Tana cikin ɗan akwatin ƙarfe mai shimfiɗar jan ƙyalle da ya koɗe. Ambaliya ta cinye gidansu na gado da duk abin da ke ciki, ko hoton tsohon ba a tsira da shi ba. Rezar ce kaɗai ta rage, don tana jakar Dikko a lokacin. Duk Juma'a da safe zai zauna bakin katifa da madubi ɗan ƙarami, ya gyara kumatu da wuya, ya wanke ta, ya goge ta da gefen rawaninsa na gadi, ya mayar.

Wata Juma'a Sagiru ya ce a ba shi ya gani. Ya juya ta, ya karanta lambar da ke ƙarƙashi, ya duba waya. Sai ya kafa mata ido, irin kallon kyanwa in ta hango tsoka.

"Yaya Dikko, ka san abin da kake riƙe da shi kuwa?"

"Na sani. Rezar babana."

"Irinta ba ta da yawa a duniya. Ara min ita in sa a gwanjo."

"Ba ta sayarwa ba ce, ƙanena."

"Wa ya ce sayarwa? Talla ce kawai. In sa ta, mutane su taya, ni kuma in saye ta da ɗaya wayar. Ka ga ta dawo gida, shagona kuma ya yi suna, a ce wajen Sagiru ake samun na asali."

Dikko ya girgiza kai. Ba ya son abin. Amma Sagiru ya yi ta naci, yau da gobe, da Yaya da Baba, har da tuna masa cewa zaman tare ya wuce wasa. Daga ƙarshe Dikko ya tambaya, "To in wani ya taya ya fi ka fa?"

"Sai in ƙara."

"Kai, ko ma ya taya nawa ne, ai ni ne mai kaya. In ce albarka, magana ta mutu. Ciniki ba ya faɗawa sai mai kaya ya ce ya sallama."

Haka Dikko ya san kasuwa, haka ubansa ya san ta. Mai saye ya taya, in bai yi maka ba ka ce albarka, kowa ya kama gabansa ba faɗa. Sagiru ya san sarai gwanjon waya ba haka yake ba: lokaci na cika, wanda tayinsa ke sama shi ne mai kaya. Kalma ɗaya ce ta rage ya faɗa. Sai ya ce, "Haka ne, Yaya."

Ya karɓi akwatin ya ajiye a mota, wai masu tayi kan nemi ƙarin hoto, na ƙasa da na gefe. Juma'ar da ta biyo Dikko ya sayi rezar roba ta shago, ya yanke kansa a haɓa, ya tafi masallaci da auduga manne a fuska. Uwais ya yi ta masa dariya, shi ma ya yi.

Masu tayi suka taru kamar ƙudaje. Ɗaya bayan ɗaya suka zube, saura mutum guda daga wata ƙasa mai nisa, wanda ba a san sunansa ba sai haruffa. Duk abin da Sagiru ya ɗora, sai ya ɗora a kai. Sagiru ya ji daɗin wasan. Ya ce a ransa, bari in ga iyakar wannan mutum.

Ranar da za a rufe, da la'asar, yana zaune a mota a bakin wani babban kanti yana jiran matar gidan. Mutumin ne a sama. Kuɗin ya kai albashin Sagiru na wata biyar. Yatsansa na kan wayar, abin da ya rage ya danna ya karɓe rezar Dikko. Ya tsaya yana kallon adadin. An ce sai aski ya zo gaban goshi yake zafi. Yana cikin kallo matar ta ƙwanƙwasa gilashi da ledoji a hannu tana cewa, "Yalla, yalla!" wato ya yi sauri. Ya fita ya buɗe mata but. Da ya dawo an rufe.

Daga baya ya riƙa cewa matar ce ta ja masa. Ƙarya yake. Ko bayan an rufe yana da hanya: ya soke cinikin, a sa wa shagonsa baƙin tabo, ya mayar wa mai abu abinsa. Ya auna tabon da amanar, tabon ya fi masa nauyi. Washegari da safe ya naɗe akwatin ya kai wajen masu aika kaya, bai gaya wa kowa ba.

Sai bayan magariba, suna kewaye da farantin shinkafa, Dikko ya ce, "Sagiru, gobe Juma'a. Ka shigo min da ita, wannan ta robar za ta ƙarar min da fuska."

Sagiru ya sunkuyar da kai. "Yaya, an samu matsala. Wani ya fi ni tayi."

"To ka ce masa albarka."

"Ba a cewa albarka a can."

Dikko ya tsaya da loma a hannu. "Wace irin kasuwa ce babu albarka?"

Ya dubi Sagiru ya sake tambaya.

"Ina take yanzu?"

"Ta tafi. Khalas, shi ke nan. Amma Yaya, ka ji kuɗin kuwa? Wallahi kashi biyu naka, ɗaya nawa. Kai, ɗauki duka ma in kana so. Ka sayi fili a Ƙaura."

"Ranar da na ce maka zan ce albarka, ka san babu?"

Sagiru bai ɗago ba.

Dikko ya mayar da lomar cikin faranti. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya tashi ya wanke hannu, ya zauna bakin katifarsa ya juya musu baya. Can suka ji yana magana a hankali, ba da su ba: "Tabon yatsan babana na nan a mariƙin, inda ƙarfen ya cinye." Uwais ya rufe abincin. Ba wanda ya ƙara ci.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Mutumin da ya saya ba yaro ba ne a harkar. Ya bi tarihin tayin, ya ga akwai suna ɗaya da yake taya duk kayan Sagiru amma bai taɓa sayen ko ɗaya ba. Ya kai ƙara wajen masu gwanjon. Suka bincika, suka ga wayoyin biyu ɗaki ɗaya suke kwana. Suka riƙe kuɗin tun bai shigo hannun Sagiru ba, suka yanke cewa mai saye zai biya tayinsa na farko kawai, wanda ya yi kafin a fara masa ƙarya, suka mayar masa da sauran. Sannan suka rufe shagon da akawun ɗin biyu. Sagiru ya yi ta aika wa mutumin saƙo yana roƙo ya dawo da rezar ko nawa ne. Ko amsa bai samu ba.

Dikko ya tattara kayansa ya koma wajen wasu 'yan garinsu. Sagiru ya bi shi har bakin benen da yake gadi a Al-Sadd, cikin zafin rana, ya durƙusa a gaban mutane.

"Yaya, don girman Allah."

"Tashi, kada ka tara min jama'a a wajen aiki."

"Ka yafe min."

Dikko ya daɗe yana kallon titi. Gemunsa ya tofo har wuya, ya yi furfura, bai gyara ba. Ya ce, "Na yafe maka, don ni ma ina neman gafarar Ubangiji. Amma kada ka ƙara ce min Yaya."

Da kwantiraginsa ya ƙare bai sabunta ba. Ya koma gida ba tare da ya yi sallama da Sagiru ba.

Ga abin da Sagiru ya rasa, in lissafa muku. Albashin wata biyar da ya gani a waya, a gani kawai ya tsaya. Abin da aka ba shi bai biya kuɗin aika kayan ba. Shagonsa ya tafi, da sunan da ya yi cin amana dominsa. Ragowar rezojinsa suna cikin leda a ƙarƙashin gado suna tsatsa, babu inda zai kai su. Uwais ya karɓe wayarsa, ya raba tukunya da shi. 'Yan gida a Al Wukair ba mai ba shi ajiyar ko cajar waya. Ya kuma rasa mutumin da ya matsa masa wuri ranar da ya zo baƙo.