Kunun Gayyar Alhaji Rabe

Ranar da Maiwada ya cika kwana arba'in da ɗaya ba tare da tramol ta ratsa maƙogwaronsa ba, ita ce ranar da Alhaji Rabe ya kira gayyar maimai a gonarsa ta gabas da Dogo-Dogo. Gwaggo Hinda ba ta so Maiwada ya je ba. To amma Alhaji ƙanenta ne, Maiwada kuma ɗan ƙanensu Nura ne mai rasuwa, babu yadda za a yi baffa ya kira gayya, ɗa ya zauna gida yana kallon bango.

Tun kafin damina ta faɗi Alhaji ya so ya gama da zancen Maiwada. Sau biyu Maiwada yana kayar da fasinja da kabu-kabunsa a hanyar Magariya, sau ɗaya ya faɗi tsakiyar kasuwa yana kumfa, matarsa ta kwashi 'ya'yanta ta koma gidansu. Alhaji ya ce a ɗaure shi a kai shi gidan mari ƙetaren iyaka, inda ake sa wa mutum ƙarfe a ƙafa har ya dawo hayyacinsa, ko ya rasa ɗan sauran da ya rage masa. Hinda ta ce ba ɗan Nura ba, ba kuma da ranta ba. Aka yi ta kai-kawo har aka tsaya a kan magana ɗaya: ta ɗauke shi ta riƙe, amma ranar da ƙwaya ɗaya ta sake shiga cikinsa, Alhaji zai zo da igiya, ita kuma ba za ta ce uffan ba.

Hinda mai magani ce, wajen uwarta ta gada. Da safe jiƙon sabara da tsamiya, da yamma suracen ɗoɗɗoya, zogale kuwa sai da Maiwada ya ce ko sunansa ba ya son ji. Da jikinsa ya tashi karkarwa a satin farko, ta ɗora shi a amalanke ta kai shi wajen likita a Dungas, don ita ba ta cikin masu gaba da asibiti. Ba ta taɓa ce wa kowa saiwa ce ke cire abin ba. Saiwa tana sa mutum ya ci abinci, cikinsa ya kwanta. Sauran aikin a daji ake yin sa, tana gaba yana biye da gatari, tana jan sa da hira har ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Haka suka yi ta lallaɓawa, yau da daɗi gobe da zagi.

Da safen gayyar, maza suka wuce gona da makaɗi, Hinda ta shiga gidan Alhaji taya mata dama kunu. Can wajen hantsi sai ga Maina, shugaban samari, ya zo ɗaukar kunun a manyan bido biyu, wato jarkoki. Ya ja su bayan rumbu, ya daɗe bai fito ba. Hinda kuwa ba ta iya ganin mutum ya ɓuya ta ƙyale shi. Ta leƙa, ta same shi tsugune yana niƙa ƙwayoyi da gindin kwalba a kan dutse, yana kwasa yana zubawa a kunun.

"Mene ne wannan, Maina?"

"Gwaggo, ai haka ake yi ko'ina yanzu. Gona mai faɗin nan, wa zai gama miki ita da kunu zalla?"

"Rabe ya sani?"

"Shi ya ce a gama kafin la'asar," in ji Maina, ya ɗora bido a babur ya yi gaba.

Ran Hinda ya ɓaci, ɓacin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba. Ta koma gidanta, ta dama fura da ruwan tsamiya, ta zuba jiƙon Maiwada a 'yar kwalba, ta aza ƙwarya a ka, ta kama hanyar gona da ƙafa. Duk wanda ya gan ta ya san abin da ta ɗauko. Ba a kai abinci gayyar wani. Wanda ya yi haka ya ce wa mai gona marowaci ne, ko kuma ba a yarda da abin hannunsa ba. Bare ma bai yi ba, balle yayar mai gona, a gaban maza arba'in.

Ta iske su sun sauka hutu a inuwar aduwa, ana ta zuba kunu. Maiwada yana gefe, rigarsa ta jiƙe sharkaf, Alhaji da kansa ya miƙa masa kwano cike.

"Ajiye kwanon nan, Maiwada," in ji Hinda.

Makaɗi ya tsayar da hannunsa. Alhaji ya dubi ƙwaryar da ke kanta, ya dubi mutanensa.

"Yaya, me kika ɗauko?"

"Abincin ɗana."

"A gayyata?"

"A gayyarka."

"Kin san abin da kika yi mini a gaban mutane kuwa?"

"Na sani sarai. Kai ka san abin da ke cikin bidon nan?"

"Kunu ne."

"To bismilla, fara sha mu gani."

Alhaji bai miƙa hannu ba. Ya rage murya ya ce, "Ɗan kaɗan ne, don ƙarfin aiki. Ba irin wadda yake sha ba ce."

"Ita ce, Rabe. Tramol ce, da idona na ga ana niƙawa. Ka ba shi da hannunka yau, gobe ka zo mini da igiya ka ce ya karya alkawari. Wallahi ba a gabana ba."

Sai da ta rufe baki ta juya ta ga Maiwada bai ajiye kwanon ba. A nan gabanta ya faɗi. Ɗazu kunu ne kawai a hannunsa, yanzu ita da bakinta ta gaya masa abin da ke ciki. Ya ƙura wa kwanon ido. Hinda ta san wannan kallo, ta sha ganin sa. Hannunta ya so ya kai wa kwanon duka, ta riƙe shi da ƙyar, don ta san in ta zubar da wannan akwai wani a kasuwa, kuma ba kullum za ta kasance tsaye a kansa ba. Tsoro ya kama ta sosai, ta tsaya dai da ƙwarya a ka.

Maiwada ya sunkuya a hankali, ya ajiye kwanon a ƙasa dab da ƙafar baffansa. Ya zo ya sauke wa gwaggonsa kaya, ya zauna, ya sha jiƙon yana yamutsa fuska, ya bi shi da fura. Mutum uku cikin manoman suka ture nasu kwanonin, saura suka shanye abinsu suna kallon wani wuri.

Da aka koma aiki, samari suka yi ta gudu da hauya kamar an kora su. Maiwada ya yi baya, ya ƙara yin baya, har makaɗi ya fara sako shi a kiɗa ana dariya. Hinda ba ta tafi ba. Ta zauna a gindin aduwar, mace ɗaya a gonar maza, ta miƙe ƙafafu, duk wanda ya kalle ta sai ta kalle shi har ya kau da kai.

Kafin la'asar an gama, yadda Alhaji ya so, sai layin Maiwada kaɗai ya rage rabi. Alhaji ya taka har inda yake, har yanzu yana cike da haushi, Hinda ta tashi ta bi bayansa.

"Layi bakwai tun safe," in ji Alhaji. "Wannan ne maganin gwaggon taka? Shekara uku da suka wuce, a gonar nan, babu wanda ya kamo ka. Sunanka makaɗi ya yini yana kira."

Maiwada ya dogara da hauyarsa, ya share gumi.

"Na tuna, Baffa. Ranar na fara sha. Ban san da ita a kunun ba, na dai ji jikina ba nawa ba. Washegari na tambayi Maina abin da aka sa, ya nuna mini mai sayarwa."

Duk yawon dajin da suka yi, wannan bai taɓa gaya wa Hinda ba. Ta dubi ƙanenta.

"Ɗan matsa, Baffa," in ji Maiwada. "Kana tsaye a kan layina, ban ƙarasa ba."