Muryar da Aƙilu Ya Kawo Daga Funtua

Aƙilu ya sauko daga kan babur a ƙofar masallaci, ya tarar da mazan ƙauyen na jiran sa. Su suka aike shi Funtua wurin ɗan majalisarsu da tambaya ɗaya: a shuka gonakin bakin daji bana, ko a bar wa 'yan bindiga kamar bara? Ruwan shuka ya sauka, ƙasa kuwa ba ta jiran kowa.

Amsa ya samo ta har sau biyu, abin da ya dame shi ke nan. Da hantsi a filin taro, Honorabul ya ɗaga murya har jijiyar wuyansa ta miƙe: "Ba wanda zai bar gonarsa bana!" Ya dire ƙarshen maganar kamar saran gatari, har Aƙilu ya ji tafin hannunsa na ƙaiƙayin ƙota. Bayan azahar a falonsa, Honorabul ya maimaita masa kalmomin, ko ɗaya bai canja ba, amma a hankali, ƙasa-ƙasa. Da irin wannan muryar likita ya ce wa Aƙilu matarsa Shafa'atu za ta tashi, washegari aka kai ta makwancinta.

"Yaya, me ya ce?" in ji ƙanensa Maharazu, wanda irin masararsa ke ɗaure a buhu tun rani.

"Ya ce ba mai barin gona."

"Wannan ko akuyata ta ji a rediyo," in ji tsoho Ɗanasabe. "Zancen manya a maƙogwaro yake, Malam. Kwaikwayo mana yadda ya faɗa."

Aƙilu ya dubi ƙanensa. In ya ɗaga murya, gobe Maharazu na bakin daji. In ya sauke, baɗi rumbu wayam. Wace ce ta gaskiya? Wataƙila ta filin taro ta neman ƙuri'a ce. Wataƙila kuma ta falon gajiya ce kawai, mutum ya ci tuwo ya ƙoshi.

Ya buɗe baki, sai tasa muryar ta fito, ba hawa ba sauka: "Ba wanda zai bar gonarsa bana."

"To, a haƙura ke nan," in ji Ɗanasabe, yana kaɗa kai.

"Alhamdu lillahi," in ji Maharazu, ya miƙe yana karkaɗe riga.

Kowannensu ya yi masa godiya.

Da safe Aƙilu ya hango ƙanensa ya nufi daji da buhu a ka. Ya saɓa sungumi ya bi bayansa, bai san ko taya shi shuka zai yi ko dawo da shi ba.