Damin Iri na Gidan Hajo

"Saki damin ga, Inna," in ji Amiru. "Ko ki saki, ko mu wuni bakin rumbu muna ja."

Malam Illo ya ji maganar ta bayan zanar da ta raba gidansa da na Hajo, matar marigayi amininsa. Ya ajiye buta, ya zagaya. Ya tarar da uwa da ɗa kowa riƙe da gefen dami guda na gero. Irin shuka ne, shi kaɗai kuma ya rage a rumbun, domin damina biyu a jere ruwa ya ƙi garinsu na Gatawa.

Hajo ba ta kama sunan ɗanta na fari. "Malam, yi ma yaron ga magana. Wai sai an yi binne da shi gobe, a shuka tun ruwa bai sauka ba. Ƙasa ƙamas, ko hadari babu."

Illo ya dubi yaron. Wannan shi ne Amirun da babu wanda ya kai shi makarantar kwana. Da ƙafarsa ya taka zuwa Sabon Birni ya zauna jarrabawa, ya ci, ya hau motar albasa zuwa Sakkwato da zaƙin baki kawai, har direban ya saya masa tsire a hanya. In ya zo hutu, tsofaffin unguwa har rige-rige suke wajen ajiye masa fura. Bana kuwa ba hutu ya kawo shi ba. Tari ya ci ƙirjinsa, makaranta ta sallamo shi gida, kowa ya gane ma'anar hakan. Kowa kuma ya san abin da Hajo take tanadi da damin: gumbar sadaka, in ta Allah ta kasance.

Illo ya gyara murya. "Amiru, tun kakanninmu na Alƙalawa ba a taɓa kai mutum makwanci a unguwar ga an hana jama'a gumba ba. Shekarar yunwad da babana yar rasu, da dusa anka haɗa, amma an yi."

Amiru ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ashe kai ma ka sani, Baba. Madalla, ka hutasshe ni da kewaye-kewaye. Gumbad da ko haƙoran cinta ba ka da su?"

"Kai, marar kunya!"

"In sun ci sun watse, Inna mi za ta shuka? Addu'a nika so, ita ko ba ta bukatar turmi." Ya ƙara damƙe damin. "Makaranta ba wanda yak kai ni. Gona ma ba ni jiran a kai ni."

Hajo ta saki, ta shige ɗaka.

Washegari Illo ya saɓa sungumi ya bi Amiru gona, yana gaya wa duk wanda suka gamu da shi cewa gudun kada yaro ya faɗi a hanya ne kawai. Shi yana saran rami, Amiru yana jefa iri yana rufewa da diddige, sanye da takalminsa na makaranta. Wani ɗan unguwarsu, Ɗanmusa, wanda ya ɗaure kayansa a jaki zai yi kudu da iyalinsa, ya tsaya a bakin gonar.

"Ɗan boko! Tururuwa sun ce a gode maka!"

"Sauka lafiya, Ɗanmusa!" in ji Amiru. "In ka komo da kaka za ni sam maka hura, ba ni da riƙo."

Sun kai rabin gona sai ya zauna a ƙasa, bai sake tashi da kansa ba. Illo ne ya goyo shi zuwa gida, ƙwaryar iri a hannu guda. A bayan tsohon, yaron ya ce, "Rabi ya rage, Baba. Hannunka nib bar shi." Illo ya gyara goyon, ya ci gaba da tafiya.

Ranar Alhamis da hantsi Amiru ya cika. Aka kai shi, aka dawo, maza suka zauna a tabarmi a ƙofar gida. Illo ya jiyo ana mirgino turmi daga cikin gida. Ya daɗe zaune, carbi a hannu, bai ja ko ɗaya ba. Sa'an nan ya miƙe, ya yi sallama ya shiga cikin mata.

Tani, ƙanwar Hajo, ta riga ta ɗauko ƙwaryar irin da ya rage, za ta kai turmi. Ya miƙa hannu.

"Malam, kai da kanka?" in ji Tani. "Kai da ka hana a rage ko abu guda ga al'ada? Mi mutane za su ce?"

"Su ce Illo ya hana. A ba su ruwa, su yi mai addu'a."

Tani ta dubi yayarta. Hajo ta share ido da gefen zane, ta ce, "Ba shi."

Ya ratsa ta tsakiyar masu zaman makoki da ƙwarya a hannu, sungumi a kafaɗa. Wasu suka bi shi da ido, wasu suka sunkuyar da kai. Bai tsaya yi wa kowa bayani ba.

A gona sama tana nan fara fat. Ya nemi inda sawun takalmin yaron ya ƙare, ya tsaya daidai nan. Ya sari rami, ya jefa iri, ya rufe da tsagaggen diddigensa, ya matsa gaba.