Bakwai a Lissafi

Ku yi mini afuwa. Ni mai karanta littattafan mutane ce, ban taɓa rubuta komai ba, kuma ban san ko haka ake farawa ba.

Jemimah ta ci maki 311 a JAMB. A WAEC kuwa D7 ta samu a lissafi, domin da zazzaɓi ta shiga jarrabawar. Mamanta, mai sayar da kayan miya a kasuwar Sabon Gari, ta bi takardar da yatsa.

"Ɗaya, biyu, ɗaya. Ga bakwai ma a lissafi. Ashe nan kika fi ƙoƙari."

Jemimah ta ga fuskar Mama, ta karɓi takardar ta ninke.

Ranar Alhamis Jemimah ta shiga bas zuwa Samaru, inda ake tantance masu neman jami'a. Likitanci take nema. Malamin da ke kan tebur ya duba makin, ya ɗago kai.

"Ke kika ci wannan?"

"Ni ce, yallaɓai."

"To me ya haɗa ki da lissafi?"

"Zazzaɓi ne."

"Kwamfuta ba ta san zazzaɓi ba, 'yata. Sai da kiredit. Ki sake zama baɗi."

"JAMB ɗin fa?"

"Shekara ɗaya yake yi. Shi ma sabo."

Ya miƙa hannu ga mai bi mata.

Kafin Lahadi Mama ta riga ta gaya wa Fasto za su yi godiya a coci. Ranar, a bakin ƙofar cocin, Kawu Shekari, ƙanin Mama, ya tare Jemimah.

"Dakta, in kin tashi yi mini allura ki yi a hankali, ni na goya ki."

Jemimah ta ja gefen zanin Mama. "Mama, akwai magana."

"Bayan sujada."

Da aka ba Mama makirfo ta faɗi ɗari ukun, aka tafa. Ta ƙara da cewa har da bakwai a lissafi. Tsofaffi suka sake tafawa. Mawaƙan cocin, rabinsu ɗaliban jami'a, suka kalli juna, wata ta sa littafin waƙa ta rufe baki.

Matan zumuntar cocin suka fara kaɗa tulu. Mama ta ɗauki kwandon tumatirin da ta kawo baiko, wato kyautar godiya ga coci, ta shige gaba tana rawa, dangi suka bi ta. Ba ta waiwayo ba, ta san 'yarta na bayanta.

Jemimah ta tsaya kamar mai gyara takalmi har layin ya wuce. Ƙofar gefe a buɗe take. Ta fita.